Mai Naɗe Laima

Shekara ashirin da biyu ina naɗe wa Loretta Hruska laima.
Ba ta ruwan sama ba.
Wadda ke buɗewa a bayan mota
ta fizgo ta daga bakin lahira, ta dawo mana da ita.

Ran da na fara ganinta a Bakersfield
tana ƙarƙashin motar ubanta, ƙafafu kaɗai a waje.
Ta miƙo hannu, ba ta dubi fuskata ba:
"Sufana mai lamba tara."
Na ba ta goma. Ta jefo min ita a ƙwauri.
Tabon yana nan.

Maza suka ce wuyan mace ba zai ɗauka ba.
Wani mai kamfanin batir ya ce zai zuba kuɗi
in za ta ɗauki hoto da gajeren wando a kan taya.
Ta ce: direbanka Duane ya fara, sai in bi sahu.
Ta jinginar da gidan uwarta, ta sayi inji.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin layin nan ba bai san ƙara ba.
Ba kunne ke jin ta ba, haƙarƙari ne.
Man da muke ɗurawa yana sa ƙato hawaye
ba a yi masa mutuwa ba.
Ta murza tayoyi, hayaƙi ya haɗiye 'yan kallo,
ta ja baya a hankali kamar mai fita ɗakin jariri,
sai fitilu: ruwan ɗorawa, kore.
Ƙafa dubu. Daƙiƙa huɗu ba su cika ba.
Kafin ka haɗiye yawu an san mai kuka.
Mu kuwa mu kwance injin kaf,
fistin da kuloci na gasa mana yatsu,
mu mayar da shi cikin awa guda.

Sau uku ta zama gwarzuwar shekara.
Kofunan suna bayan tirela, ɗaya muna zuba notuna a ciki.

Sai Topeka.
Laima ta ƙi buɗewa. Igiya ta sarƙe.
Ni na naɗe ta, da hannun nan.
Na ga motar ta wuce ƙarshen kwalta,
ta yi ninƙaya a rairayi, ta keta raga,
wuta ta tashi inda Loretta take zaune.
Wata bakwai a asibiti, ƙarfe goma sha ɗaya a ƙafar totur.
Ban je dubiya ba.
Na koma gyaran injin yankan ciyawa a bayan gari.

Wata Talata na ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan siminti.
Ta dire buhun laima a kan teburina.
"Eusebio, wanda ya taɓa yin kuskure
shi ya san ramin da yake kwana. Naɗe."
Na naɗe. Hannuna na rawa, ta tsaya har ya daina.

Tserenta na ƙarshe a Pomona ne.
Ta gefenta Kenzie Aldana, yarinyar da ta taɓa kawo hula
tana 'yar shekara shida, a sa mata hannu.
Loretta ta riga kore tashi da abin da bai kai ƙiftawa ba.
Jar fitila. An gama.
Ta cire hular kwano, furfura ta jiƙe sharkaf,
tana dariya: "Duk rayuwata ina sauri, yau ya yi yawa."

Daren nan ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan rasit,
ta haɗa daƙiƙun duk tseren da ta taɓa yi.
Awa uku ba su cika ba.
Shekara ashirin da biyu, aure ɗaya, ƙafa ɗaya.
Ta ninke takardar ta sa a aljihu.

Yanzu in ta ɗauko ni zuwa kasuwa a tsohuwar akori-kura
na baya sai hon suke, suna zaginta da hannu.
Ba ta ƙara ko kaɗan.
Ni ma matata ta hana ni ninke zanen gado,
wai ina daɗewa, ina duba igiyar da babu.