Tuta Ta Uku

A tsibirinmu, inda kogi ke ajiye sunansa
ya faɗa tekun Bengal,
ni ce mai lasifika.
Jar rigar ruwa, takalmin roba, keke mai kukan tsatsa.
Tuta ɗaya, a kasa kunne.
Tuta biyu, a ɗaure kaya.
Ranar Talata da la'asar muka ɗaga ta uku.

Na bi gidajen kwano ɗaya bayan ɗaya
har muryata ta dushe kafin magariba:
masu ciki su fara, sai tsofaffi, sai masu goyo,
ku binne shinkafa a tulu, ku liƙe bakinsa da leda,
takardar gona a ƙirji, ba a akwati ba.

Tsoho Tofazzal yana zaune bakin ƙofa
ya ɗora hannu a wuyan saniyarsa.
Ya ce, Monowara, bara ma haka kuka ce,
muka kwana a ƙasa kamar buhuna,
iska ta fasa zuwa, ɓarawo bai fasa ba.
Na ce, Baba, an yi wa dabbobi tudu.
Ya ce, wa zai ba ta ruwa?
Ban yi musu ba. Na kwance igiyar, na ja.
Saniya ta biyo ni,
shi kuma ya biyo saniya, yana zagina har bakin matakala.

Kakata ta ce a zamaninsu babu tuta.
Ruwa ya shigo ne kawai, babu sallama.
Ta kwana rungume da kututturen dabino,
ƙaya ta rubuta daren a damatsanta,
'ya'ya biyar ta haifa, ɗaya ta sauko da shi.
Ina ƙarama nakan bi tabon da yatsa.
Shi ne karatuna na farko.

Makarantarmu ƙafafu gare ta,
ginshiƙai goma sha shida, ruwa ya wuce ta ƙasa.
Muka goge lissafin 'yan aji uku daga allo
muka rubuta namu:
ɗari shida da goma sha biyu.
Tsakar dare iska ta kama tagogi da kokawa,
kwanon wani gida ya wuce kamar takarda.
Wata tana jan carbi, wata tana kiran allolinta,
fitila ɗaya ce tsakaninsu.
Shefali ba ta kira kowa ba,
wayarta kawai take dubawa.
Jirgin mijinta bai dawo ba tun tuta ta biyu.

Gari ya waye, babu gari.
Laka, rassa, tukunya a kan bishiya,
kifi kwance inda muke shanya barkono.
Na sake ƙirga kawuna, allo bai yi ƙarya ba.
Na sunkuya bayan tankin ruwa na yi kukana,
sannan na fito na raba ƙwayar tace ruwa.

Baƙi sun zo da kyamara, sun zo da barguna,
kwana tara suka koma.
Abin da bai koma ba gishiri ne.
Ya kwanta a gona, ya kwanta a tafki,
shuka ta fito ta yi ja ta mutu.
Muka ɗauki ƙasa a kai, kwando kwando,
muka ɗinke madatsar da ta yage.
Malamin gona ya kawo iri mai jure gishiri,
muka dasa itatuwan gaɓa a cikin taɓo,
su ne za su fara karɓar duka in an sake.

Shefali ta karɓi jar riga a watan jiya.
Ba ta iya keke ba tukuna, tana faɗuwa tana tashi.
Tofazzal har yau bai gaishe ni ba,
amma kowace safiya
akwai ƙoƙon madara a bakin ƙofata.
Na wanke tutocin, na ninke,
na sa sabon batir a lasifika.