Saura Tara

Bayan ɗaukewar al'ada,
wuta ta riƙa tashina tsakar dare,
zane jiƙe sharkaf.
Aka ba ni ƙwayar hormon, na sake sanin barci
shekara shida cur.

Yau ga ni a Wad Madani,
ƙullutu kamar ƙwallon dabino a nonon hagu.
"Dakta Ikhlas, ƙwayar ce?"
Ta daɗe tana juya takarda.
"Wataƙila da hannunta, Tasalla.
Amma da wuri muka gan shi. Ki daina sha."

A motar Maiwurno na buɗe kwalin: saura tara.
Ga Nilu a gefe. Ban jefa ba.

Wutar za ta dawo, na sani.
Gambo, jawo min tulu kusa da gado.