Albasar Kawu Sahabi

A Legon, hawa na biyu,
ɗakin da sanyin na'ura ke mantar da mutum akwai rana a Ankara,
ba ta Turkawa ba, tamu ta bakin teku,
nan aka ba ni tebur, da kujera mai juyi,
da taswirar da ta cinye bango guda.

Aikina ƙirga shingaye.
Daga Galmi zuwa kasuwar Kotoku, nawa ne?
Na ɗiɗɗiga su da ja a kwamfuta
har hanyar ta zama kamar yaron da ƙyanda ta fito wa.
Farfesa Adjeley ta leƙo ta saman tabarau:
Da kyau, Zulai, amma ki rage jan nan,
masu ba mu kuɗi ba sa son abin da ya yi kama da jini.

Ran Laraba aka yi taro.
Baƙi daga ƙasa tara, kowa da sunansa rataye a wuya.
Wani ya ce "haɗin kan yanki" sau goma sha ɗaya,
na ƙirga, ƙirga ai ita ce sana'ata.
Aka tafa. Aka sha shayi da kek ɗin da ba ya kai wa ciki labari.
Wayata kuwa tana ta ɓari a jaka
kamar buzuzu ya faɗa kwalba.

Kawu Sahabi ne.
Kwana shida motarsa na tsaye a bakin iyaka,
buhu ɗari uku da ashirin.
Ya ce albasar da ke sa mutane kuka
yau ita ke yi da kanta,
ruwa na tsiyaya ta ƙasan bodi,
ƙudaje har sun fara zuwa ta'aziyya.
Ya ce, 'yar boko, ke da ke zama da manyan duniya,
tambayo mini su, wace takarda ce ta rage?
Ina da mai shuɗin hatimi, ina da mai hatimi biyu,
ina da wadda aka ce ta kashe waɗancan.

Na ce, Kawu, muna kan bincike.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
To, ya ce, a gaida bincike.

Mutumin nan shekara talatin yana ratsa ƙasa uku.
Da Zabarmanci yake sayen kaya,
da Mosanci yake roƙon arziki,
Faransancinsa na tasha ne, amma yana buɗe ƙofa,
da Tonanci yake bin bashi.
Ya san wane jami'i ne matarsa ta haihu,
ya san wanda ba a yi wa magana sai ya karya kumallo.
Ba wanda ya taɓa rataya masa suna a wuya.

Da magariba torotoro ya zubar da ni a Nima.
Inna na bakin murhu.
Ta raba albasa ɗaya biyu,
ta ƙulle rabin a leda kamar kuɗin adashe.
Uku sidi goma yau, in ji ta, ba ta ko ɗago ba,
wai ku can me kuke yi ne?

Na buɗe rahotona a kan tabarma, shafi na arba'in da biyu:
"Matsakaicin jinkiri, awa sittin."
Na duba jadawalin sama da ƙasa,
babu gurbin da zan sa wari.

Washegari na roƙi Farfesa kujera ɗaya a taro mai zuwa.
Ta jawo fom, ta cire wa biro hula.
Wace cibiya za mu rubuta ƙarƙashin sunansa?
Na ce, rubuta hanya.
Ta daɗe tana kallona.
Ta ce za ta tambayi ofishin kuɗi.

Na koma teburina.
Jan nan dai ban rage ba,
na ma ƙara ɗigo ɗaya, daidai inda Kawu ke kwana ƙarƙashin mota.