Allurar Mai

Akwai wani littafi ƙarƙashin kujerata,
bangonsa ya sha maiƙo, shafinsa duk sawun yatsa.
Ba sunan mai bina bashi a ciki,
abin da akori-kurata ta sha ne kawai.

Sakkwato zuwa Goronyo, in tana wayam,
daga ni sai Sahabi sai igiya da jarkar ruwa,
ba ta wuce lita bakwai.

Ran da Alhaji Modi ya ƙulla mata tirela,
buhun albasa sha shida a baya, takwas a cikinta,
ya shafi gemu ya ce, "Hanya ai guda ta,
yadda kat taho hakanan za ka koma."
Na buɗe baki na rufe.
Mai kaya ya yanke kuɗi, lissafin nai.

Tun kafin kwanar Wurno muryarta ta sauya,
nishi irin na mai hawan tudu da damin gero.
Giya ta huɗu ta ƙi, na koma ta uku.
Iska ta shiga tamfol ta yi masa ciki,
tana ja baya, muna ja gaba,
allura kuwa ba ta gardama da kowa,
ƙasa take yi, sannu dai.

Sahabi ya ce, "Taka ta, Maigida,
mu cim ma kasuwa kafin la'asar."
Na biye wa yaro na taka.
Ashe mota ba kuɗin nisa kaɗai take karɓa ba:
tana karɓar na nauyi, tana karɓar na gaggawa,
har tayar da ta kwana ba iska
sai an biya mata da mai.

Mun wuce Achida kaɗan ta yi tari biyu,
na uku bai fito ba.
Shiru, sai warin albasa da rana a tsakar kai.
Can gindin darbejiya ɗan bumburutu na zaune,
bai taso ba, ya san mu za mu je.
Lita huɗu ya tsiyaya mana a kuɗin shida,
yana yi mana sannu, yana murmushi ƙwarai.

Mahaifina raƙumi ya bi har ya tsufa.
Kafin ya ɗora kaya sai ya shafa cikin dabbar,
ya ce, "Kaya a baya suke, amma nan suke ci."
Ina yaro na ɗauka zancen tsofaffi ne.
Sai a bakin kwalta, da mazurari a hannu,
na ji shi sarai.

Da dare na jawo littafi kusa da fitila:
sha uku.
Na cire na mai, na cire na Sahabi,
abin da ya rage ya yi wa Luba cefanen kwana biyu,
ban da nama, ban da ƙwai.

Yanzu sai na biya wurin mai faci tun da asuba,
taya shida, kowacce a gwada ta.
Tamfol in ɗaure shi har ya kwanta,
buhuna masu nauyi su zauna bisa gatari.
Sittin nake yi, ba na ƙari.
'Yan kabu-kabu na wuce ni suna ɗaga hannu,
wani har ya tambaya ko gawa na ɗauko.
Ta sauko sha ɗaya.
Bakwai kam ta tafi, ba da tirela ba dai.

Modi ya dawo makon jiya da tsohon zancensa.
Na buɗe littafin bisa bonet, na dafa da yatsa.
Ya duba, ya daɗe yana dubawa,
ya ce, "Motag ga taka mashayiya ta."
Na ce, "Alhaji, ga ƙugiya, ja ka ji."
Ya yi dariya, ya ƙara kuɗin lita uku
da rabin buhun da ya fara tsiro.
Ta huɗun har yau tana wuyana.
Sahabi kuma, da mun hau kwalta,
"Taka ta, Maigida," wai.