Ma'aunin Magana

Takarda suka ba ni mai gida talatin da biyu,
da biro, da kuɗin babur na kwana tara.
Suka ce, zaga Garwa, ka auno mana
abin da labari ya haifar bana, a sefa.
Na ce to. Ban dai ce na iya ba.

Ubana awo ya yi har ya koma ga Allah,
da mudunsa a kasuwar Pitowa ran Lahadi.
Dawa in ta yi tozo, kowa ya gani.
Ni ɗansa ga ni da ƙwarya ina bin iska,
gadon da bai taɓa mafarkin bari ba.

Gidan rediyo bai wahalar da ni ba.
Akanta ya lashi yatsa, ya buɗe littafi:
ta'aziyya jaka ɗaya,
cigiyar saniya jaka da rabi,
gaisuwar amarya ɗari biyar.
Ma'aikata bakwai na rubuta,
biyu a ciki tun azumi ba su ga albashi ba.

Hamajoda na ƙarƙashin lema a Yelwa,
kati a wuya, wayoyi goma sha ɗaya na shan caji.
Ya dubi takardata, ya ga ɗan haraji,
ya raba cinikinsa biyu, ya miƙo mini rabi.
Na sani, ya kuma san na sani.
Na rubuta rabin, ban ce uffan ba.

Jonwe mai injin kwafi, bakin makaranta,
ya ce, sa dubu arba'in a wata mai wuta.
Na ce, wata marar wuta fa?
Ya nuna mini injin, kaza ta yi ƙwai a kai.
Ba a tanadi gidan kaza a takarda ba.

A Lopere na iske Astajam a zaure,
tsofaffi huɗu sun sa ta tsakiya.
'Ya'yansu na Duwala, saƙo na zuwa a rubuce,
ita ke karantawa,
tana rage wa mai zafi zafi kafin ya kai kunne.
Ladanta goro ne, wani lokaci kuɓewa,
galibi Allah ya yi miki albarka.
Na juya takarda gaba da baya,
ban ga inda ake zuba albarka ba.

Sai maganar da ta hana ni barci.
Wani masunci ta wajen Lagdo ya ga ruwa ya sauya launi,
ya kira surukinsa da tsakar dare:
kwashe shanu daga tsibiri, Binuwai na tafe.
Shanu arba'in suka haye kafin asuba.
Kiran bai kai minti ɗaya ba.
A lissafina sefa hamsin ne,
ko kuɗin shayi bai kai ba.

A daren nan maƙwabcina ya yi sa'a guda
yana zagin ƙaninsa kan katangar gado.
Jaka biyu ya ƙona.
Na buga, na sake bugawa:
zagin nan ya ninka ceton shanu sau arba'in,
kuma injin lissafi bai yi kuskure ba.

Ran tara na haɗa jimla, na ja layi biyu.
Shugaba ya ɗaga gilashi, ya ce madalla,
mun ɗara bara da uku cikin ɗari,
Yawunde za su ji daɗi.
Lambar ta yi kyau, da waƙafinta, da sifilinta,
ba zan ce ƙarya ce ba.

Da na koma gida, Inna na tsince wake.
Ta ce, me ke gari?
Na zauna na ba ta duka,
har da kazar Jonwe,
ta yi dariya har waken ya zube,
ban kuma karɓi ko dala ba.