Fayil na Uku

Ranar Alhamis ce, bazara ta kai maƙura,
fanka na tuƙa iska mai zafi kamar tuwo.
Wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa.
Faifan ya yi ƙara sau biyu, ƙyas, ƙyas,
sai tsit.

Na tada na'ura, rumbu ya ƙi buɗuwa.
Ya ce fayil na uku ba ya nan.
Ba sallama, ba jaje.

Su uku ne, kamar duwatsun murhu.
Na fari sunaye: manoman albasa ɗari bakwai da sha ɗaya,
daga Kwalkwalawa har Dundaye.
Na biyu bashi: taki, iri, man injin ban-ruwa.
Na uku biya.
Lamba guda ke ɗaure mutum da abin da ya ci
da abin da ya mayar.
Dutse ɗaya ya fice, tukunya ta karkata,
duk wanda ya biya ya wayi gari mai bashi.

Marafa Jabbi ya tsaya bisa kaina, hula a hannu.
"Hassatu, mi yaf faru?"
Na ce masa ya je ya yi la'asar.
Ban so ya ga yatsuna na rawa ba.

Ajiyar daren Lahadi tana gida, Mabera,
cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin zare da allura.
Na hau kabu-kabu na ɗauko ta,
ina dafe da jaka kamar mai ɗauke da ƙwai.
Na mayar da fayil mazauninsa.
Rumbu ya buɗe ido
yana tsammanin har yau Lahadi ce.

Kwana huɗu babu.
Litinin ɗin da Modi ya sayar da buhu tara ya zo da gumi,
Talatar da 'yan Gidan Bubu suka biya a dunƙule,
duk ba su faru ba tukuna.

Amma akwai kundin sawu,
wanda ke rubuta kowane motsi kafin a yi shi.
Na ce masa: karanto.
Ya shiga bin kwanakin ɗaya bayan ɗaya
kamar makiyayi mai bin sawun tunkiya a fadama.
Litinin ta dawo. Modi ya sake biya.
Talata. Laraba.
Janareta na tari a waje, sauro na cin ƙafata,
ni kuwa ina ƙirga layuka da leɓe.

Alhamis, biyu da minti sha huɗu,
sawu ya yanke a tsakiyar taki.
An buɗe layi, an sa lamba, ba a rufe ba.
Ƙa'idar rumbu ba ta da kara:
abin da bai cika ba, bai faru ba.
Ya share rabin layin, ya ce komai daidai.

Ni kuwa na ga hannun.
Inna Kulu ce, mai lalle ya koɗe a tafi,
dubu sha takwas da ɗari biyar,
tsofaffin takardu masu warin albasa,
ta ƙirga sau biyu, ta sa na ƙirga na uku.
Suna nan cikin aljihun tebur, ɗaure da roba,
kuɗin da ba su da uwa a cikin rumbu.

Juma'a da sassafe na isa Dundaye.
Na same ta tana juya albasa a rumfa.
Ta kwance bakin zane, ƙulli cikin ƙulli,
ta miƙo rasit, ya yi laushi da zufa,
rubutuna ne, da ɗan karkacen bakwai ɗina.
Ta ce, "Ashe injin ma shina mantuwa?"
Ta cusa min albasa biyar a jaka, ba ta jira amsa ba.

Na koma ofis kafin a shiga masallaci.
Na buga lambarta, na buga kuɗin,
na duba rasit, na duba allo,
na rufe layin da hannuna.