Rigunan da Suka Zo a Dila

Sallau mai gwanjo ne ya yanke igiyar dilar
a Sabon Gari, ranar wata Laraba.
Tsakanin rigunan sanyi da labulen wani otal
sai ga riguna goma sha huɗu, ruwan goro da baƙi,
daga lamba biyu zuwa sha biyar.
Ta gola ba ta zo ba.

A ƙirji akwai hasumiya, ƙarƙashinta wata dabba.
Ilu ya ce kare ne, Nduka ya ce kyarkeci,
aka yi ta musu har ladan ya raba mu.
An ɗinka 1921 da farin zare.
Sunan garin kuwa wanki ya cinye shi,
saura haruffa uku, ko kiran akuya ba su isa ba.

Na zuba kuɗin facin taya na mako guda.
Rasaki ya sayar da tantabarunsa.
Kafin ranar, 'yan bayan layin dogo ne mu,
ɓangare ɗaya ya tuɓe, ɗaya ya bar riga.
Bayan ranar muka zama kulob
mai sakatare, da littafi, da tarar makara naira ashirin.

Sai da aka shekara uku
ƙanen Cindo da ke karatu a Samaru
ya zo da takarda biyu, ya ce ya gano masu rigar.
Wani ƙaramin gari ne a Italiya, in ji shi,
majema ne suka kafa ƙungiyar a bayan masana'antar fata.
Muka kalli juna. Ashe har can ana warin jima.

Ya ce ba su taɓa ganin babban rukuni ba.
Sau ɗaya suka leƙa na uku,
kamar baƙon da ya zo ta'aziyya,
ya sha ruwa, ya nemi takalminsa.
Yaƙi ya ci musu 'yan wasa biyar.
Ambaliya ta tafi da raga har da bencin 'yan kallo.
Sau uku suna sake suna don guje wa masu bin bashi,
a na huɗu kotu ta sa kwaɗo a ƙofar fili,
aka ɗora rigunan a sikeli aka sayar.

Shiru.
Bawale, golanmu, da ke tsaron raga da singileti,
shi ya ce: to ai 'yan'uwanmu ne.

Mu ma mun leƙa sau ɗaya.
Wasan ƙarshe na kofin unguwanni, a Gyallesu,
saura minti biyu aka ba mu fenareti.
Ilu ya ajiye ƙwallo, ya goge tafinsa a hasumiya,
ya buga, ta daki turke.
Har yau in hadari ya haɗu
ina jin ƙarar ƙarfen nan a haƙorina.

Daga baya filinmu ya zama gidan mai.
Daidai inda nake tsayawa, ni lamba shida,
nan famfon kananzir yake.
Nduka ya koma Aba da bakwai a jakarsa.
Bara muka binne Rasaki. Tasa tana jikin ɗansa, ta yi masa yawa.
Littafin tara yana hannun Cindo,
har yanzu ana bi na naira sittin.

Tawa tana rataye a shago, saman injin iska.
Jiya na juya cikinta waje zan wanke
sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba:
ɗinki a hammata, ƙanana, a jere, da shuɗin zare,
kuma ba na keke ba ne.
Wata ce ta zauna bakin taga
a garin da ban iya kiran sunansa ba,
ta gyara wa ɗanta ko mijinta
don ran Lahadi ya fita ya sha kashi cikin mutunci.

Kusa da nata ya sake yagewa.
Na aro allura wajen mai shayi,
baƙin zare kaɗai na samu,
na ɗora daga inda ta tsaya.